Boris mai ƙwallo ko mai rola: amsa ga mai injin ɓarza a Dakata

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai injin ɓarzar masara a Dakata ya kawo tambaya cewa boris ɗin da ke gefen fuli, wato UCP 210, boris mai ƙwallo da ke zuwa a cikin gidansa, a kan shaf mai kaurin milimita 50, ba ya daɗewa yake mutuwa, alhali na ɗaya gefen yana nan lafiya, kuma an ba shi shawarar ya koma boris mai rola domin wai ya fi ƙarfi kuma ya fi santsi. Yana so ya san gaskiyar wannan magana kafin ya kashe kuɗinsa.

Malam, rabin shawarar daidai ne. Mai rola ya fi ɗaukar nauyi, wannan babu ja. Batun santsi kuwa ba shi ne zai raba gardama ba, sannan rola ba iri ɗaya ba ce, akwai wadda idan ka sa ta a injinka za ta riga boris ɗinka na yanzu mutuwa.

A littattafan kamfanonin boris, ma'aunin gogayyar boris mai ƙwallo na yau da kullum yana wajen 0.0015, na rola miƙaƙƙiya yana wajen 0.0011, na rola mai tefa da rola mai tumbi kuma yana wajen 0.0018. Idan muka ɗauka boris yana ɗauke da nauyin kilo 500 a kan shaf ɗin milimita 50 mai juyi 3,000 a minti, mai ƙwallo zai cinye kimanin wat 58 a matsayin zafi, mai tumbi kuma kimanin wat 69. Bambancin bai kai wat 15 ba, a injin da motarsa ke jan dubban wat. Robar da ke rufe bakin boris da giris ɗin da aka cusa fiye da kima sukan jawo gogayyar da ta fi wannan, saboda haka ni ban ga dalilin da zai sa mai injin ɓarza ya zaɓi boris a kan santsi ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne yadda kowanne yake taɓa zoben da yake gudu a kai. Ƙwallo yana taɓa zobe a ɗan ƙaramin wuri, kusan ɗigo, rola kuwa tana kwanciya da tsawonta, sai nauyin ya bazu a kan layi, kamar yadda gammo yake baza nauyin tulu a kan mai ɗauka. Ɗauki 6205 da NU 205, waɗanda girmansu ɗaya ne sak: rami milimita 25, faɗin waje 52, kauri 15. Na farko mai ƙwallo ne, nauyin da aka rubuta masa yana wajen tan 1.4, na biyu mai rola ne, nasa ya kai kusan ninki biyu na haka. Ƙarfen duka biyun ɗaya ne, mai kabon kimanin kashi 1 cikin ɗari da kuromiyam kimanin kashi 1.5, siffa ce kawai ta kawo ratar.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai injin da ke aiki da bel ya riƙe. Gustaf Lundberg da Arvid Palmgren, masana biyu a ƙasar Suwidin, sun wallafa shi a 1947, kuma a kansa aka gina ƙa'idar ISO 281 da ake aiki da ita har yau. Abin da yake nunawa shi ne, idan nauyin da ke kan boris mai ƙwallo ya ninka sau biyu, rayuwarsa ba ta komawa rabi, tana komawa kashi ɗaya cikin takwas ne, a mai rola kuma kimanin kashi ɗaya cikin goma. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa gefen fuli ne kaɗai yake ba ka wahala. Fulin yana rataye ne a wajen boris, jan bel yana aiki kamar mai banƙara, boris ɗin da ke kusa da shi yana ɗaukar abin da ya fi jan bel ɗin kansa, kuma duk lokacin da yaron injin ya ƙara ɗaure bel domin ya daina zamewa, yana yanke kwanakin boris ɗin ne ba tare da ya sani ba. Matsar da fuli kusa da boris gwargwadon iko yana rage wannan nauyi ba tare da an sayi komai ba.

Rola miƙaƙƙiya, mai lamba NU ko NJ, ita ce mafi sauƙin gudu a cikin rola, kuma ita ake samu a gefen fulin manyan motocin lantarki masu juya injuna da cikin giyabos. Sharaɗinta mai tsauri ne, domin karkatar da take jurewa tsakanin shaf da gidan boris ba ta wuce kimanin milimita 1 a tsawon mita guda ba. Da zarar an wuce haka, nauyin da ya kamata ya bazu a tsawon rola sai ya taru a bakinta, ƙarfen ya fara ɓantarewa daga gefe. Masu ƙira sukan ɗan sassaƙe bakunan rola domin rage wannan matsala, amma hakan ba ya kawar da ita. Injinan da maƙeranmu ke haɗawa da walda aiki ne mai kyau da yake ciyar da gari, sai dai walda tana jan ƙarfe, kuma da wuya kujerun boris biyu su fito a layi ɗaya zuwa wannan mataki. Ban ba ka shawarar wannan ba.

Rola mai tefa, irin su 30205 ko 32210, ita ce wadda kanikawan manyan motoci suka fi sani domin ita ce a ƙafar mota. Henry Timken, mai ƙera keken doki a birnin St. Louis na Amurka, ya yi rajistar ƙirarta a 1898, kuma hikimarta ita ce idan aka ja layukan gefen rola da na zobba biyu, dukkansu suna haɗuwa a wuri guda a tsakiyar shaf, abin da ke sa rola ta mirgina ba tare da ta ja jiki ba. Tana ɗaukar nauyin da ke danna shaf da kuma turin da ke bin tsawonsa a lokaci guda, kamar yadda yake faruwa idan mota ta sha kwana da lodi. Amma ana sa ta ne biyu-biyu suna fuskantar juna, ana daidaita su da noti, kuma ita ma ba ta son karkata. Injin ɓarza ba shi da turin tsawon shaf mai yawa, don haka za ka sayi ƙarfin da ba ka buƙata, ka ɗauko wa kanka wahalar daidaitawa.

Ta uku, wato rola mai tumbi, ita ce ta dace da matsalarka. A 1907 Sven Wingquist yana aikin injiniya a wata masaƙa a birnin Gothenburg, inda ƙasar wurin mai laka ce, ginin yana motsi, dogayen shaf suna karkacewa, boris suna ta lalacewa. Sai ya ƙera boris mai layi biyu na ƙwallo wanda cikin zobensa na waje yake a gewaye, yadda zoben ciki zai iya karkata ya bi shaf, kuma a kan wannan ƙira aka kafa kamfanin SKF a shekarar. A 1919 Arvid Palmgren ya ɗauki dabarar ya sa rola masu tumbi a madadin ƙwallo. Wannan shi ne boris mai lambar da ke farawa da 222 ko 223. Jerin 222 yana jure karkata ta kimanin digiri 1.5, wato wajen milimita 26 a tsawon mita guda, kuma yana yin hakan ne yayin da shaf yake juyawa yana lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi. Shi ya sa ake samunsa a injinan fasa dutse da manyan fankoki da injinan niƙa na masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa.

Za ka iya cewa ai UCP ɗinka ma yana daidaita kansa. Haka ne, amma bayansa ne yake juyawa a cikin gidansa domin ya gyara kuskuren ɗauri, ba a yi shi domin ya riƙa bin shaf mai lanƙwasa a kowane juyi ba. Sannan ƙananan sukurori biyu ne suke riƙe shi a kan shaf, kuma a injin da yake girgiza duk yini sukan saki, zoben ciki ya fara zamewa, ya cinye shaf ɗin. Idan ka ga jajayen tsatsa kamar gari a mazaunin boris, abin da ya faru ke nan, kuma sabon boris a kan shaf ɗin da ya ci ba zai daɗe ba ko da na wane kamfani ne.

A shaf ɗin milimita 50, abin da ya yi daidai shi ne 22211 K tare da hannun riga H 311 a cikin gida SN 511. Harafin K yana nufin ramin boris ɗin yana da tefa na 1 cikin 12, hannun rigar kuma yana shiga tsakaninsa da shaf, idan aka ɗaure noti sai ya kama shaf ta kowane gefe. Nauyin da aka rubuta wa UC 210 yana wajen tan 3.5, na 22211 kuwa ya fi ninki uku na haka. Sai dai ka sani tsayin tsakiyar shaf a UCP 210 kimanin milimita 57 ne, a SN 511 kuma 70 ne, saboda haka dole a gyara kujerar, kuma kuɗin gida da hannun riga da boris a haɗe ya fi na UCP nesa ba kusa ba. Ɗaurinsa ma yana buƙatar mai haƙuri, domin kowane juyin noti yana buɗa zoben ciki yana rage sararin da ke tsakanin rola da zobe. Ana auna sararin nan da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara, kafin ɗauri da bayansa, a bi teburin kamfanin. Wanda ya ɗaure har sararin ya ƙare zai ga boris ya yi zafin da hannu ba zai taɓu ba cikin ɗan lokaci. Ga injin da yake aiki a zafin watan Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40, ni na fi son mai alamar C3, wanda sararinsa ya ɗan fi na yau da kullum.

Idan ka sauya gefe biyun, kada a kulle duka. Ƙarfe yana miƙewa kimanin milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, wato shaf mai tsawon mita guda da zafinsa ya ƙaru da digiri 40 zai ƙara kusan rabin milimita. Ana sa zoben kulle a gida ɗaya kawai, a bar ɗayan boris ɗin ya iya matsawa a cikin gidansa.

Akwai wuraren da mai ƙwallo ya fi, kuma adalci ne a faɗe su. Ya fi araha, ana samunsa cikin sauƙi a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, kowane bakanike ya iya sa shi, yana zuwa da rufinsa da giris ɗinsa, kuma ya fi jure gudu mai yawa. Mai rola yana buƙatar nauyi a kansa, kimanin kashi 2 cikin ɗari na abin da aka rubuta masa, in ba haka ba rola sukan riƙa zamewa maimakon mirginawa su goge zobe. Don haka a fanka ko ƙaramin famfo ko gefen injinka da babu fuli, wanda ka ce yana daɗewa, babu dalilin taɓa shi.

Kafin ka sayi komai, ina roƙonka ka duba gudumomin injin. Idan ɗaya ta fi kishiyarta nauyi da giram 100 kacal, tana nesa da tsakiyar shaf da santimita 20, a juyi 3,000 a minti za ta riƙa fizgar shaf da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 200, sau 50 a kowace daƙiƙa. Mutane sukan sauya guduma ɗaya da ta karye su bar sauran da suka cinye, daga nan girgiza take farawa. A auna su a sikeli, a jera masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna. Haka nan ƙura, domin garin masara da ƙurar hunturu idan suka shiga giris sukan mayar da shi abin da ke cinye ƙarfe. Gidan SN ba shi da kariya sai rufin da aka sa masa a baki biyu, kuma giris ɗin da za a zuba kada ya wuce kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na sararin gidan. Wajen saye kuma a nemi amintaccen mai shago, domin jabun boris masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni matsala ce da kamfanonin da kansu suke gargaɗi a kanta a duniya baki ɗaya.

Tsohon boris ɗin da ka cire, kada ka jefar da shi. Ka sa a buɗe shi a wanke da kananzir, ka dubi hanyar da ƙwallo suka bi a cikin zoben waje. Idan ƙarfen ya ɓantare a ɓangare ɗaya, a gefen da bel yake ja, nauyi ne ya yi yawa, kuma 22211 K zai yi maka maganin abin. Idan hanyar ta karkace daga wannan gefen zobe zuwa wancan, kujerun ba sa kan layi. Idan duka zoben ya dushe ya yi kaushi, ƙura ce ta shiga, kuma a nan sai a fara gyara rufi domin mai rola ma ba zai tsira ba. Idan launinsa ya koma shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ne daga rashin giris ko yawansa. Idan kuma ka ga ƙananan ramuka a jere, tazararsu daidai da tazarar ƙwallaye, mafi yawanci guduma aka sa wajen shigar da shi, bugun ya bi ta cikin ƙwallo. Ka turo mana hoton zoben biyu tare da girman fulin da yawan bel ɗin da ke kansa, domin a lissafa nauyin da ke kan boris ɗin kafin a yanke kujera.