Dillalan filin daji a Jojiya: harkar itace sun ƙware, amma in zama zaka yi sai ka nemo naka mutanen

Assalamu alaikum jama'a. Wannan bayani ne akan wani kamfanin dillalan filaye da nayi hulɗa dasu a jihar Jojiya ta Amurka, irin waɗanda basa taɓa gidajen cikin gari kwata kwata, su dai daji ne sana'arsu, manyan filaye eka 50, eka 100, eka 500 har sama, na masu son shuka itacen katako ko farauta ko wanda birni ya ishe shi yana son yaje ya kafa gidansa da gonarsa can nesa da hayaniya. Bazan kama sunansu ba tunda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi, amma duk wanda ya shiga wannan harka a kudancin Amurka zai tarar da irinsu da yawa kuma salon aikinsu kusan ɗaya ne. Ra'ayina tun farko shine in itace ko farauta ya kawo ka toh kuɗinka bazai tafi a banza ba a hannunsu, in kuma gida kake son ginawa ka zauna da iyali, gaskiya kar ka dogara dasu su kaɗai.

Ga wanda bai saba da lissafin eka ba, kusan eka 2 da rabi ne hekta ɗaya, eka 640 kuma shine mil ɗaya murabba'i. Jojiya tana da daji wajen eka miliyan 24, kusan kashi biyu cikin uku na jihar kenan, kuma mafi yawansa ba na gwamnati bane, na mutane ne da kamfanoni, shi yasa kullum akwai na sayarwa a kasuwa. Yawancin abin da zaka gani an shuka a jere a jere itacen fain ne wanda suke kira loblolly.

Abin da ya fi burge ni a wajensu, kuma shi ne dalilin da yasa nake ganin sun cancanci a rubuta akansu, shine suna da malamin daji mai lasisi a cikin ma'aikatansu, wani dattijo ne mai haƙuri wanda baya gaggawar magana. Shi baya yarda ayi cinikin biri a sama. Kafin ya faɗa maka darajar itacen da ke kan fili sai ya saka takalmin daji ya shiga da kansa, kuma yana so ka bishi ka gani. Ba wai yana ƙirga bishiya ɗaya bayan ɗaya bane, wannan bazai yiwu ba a eka ɗari, abin da yake yi shine ya ware ƙananan wurare nan da can a faɗin filin, a kowanne ya auna kaurin bishiyoyin daidai ƙirjin mutum, ya auna tsayinsu, wani lokaci ya huda ɗaya da wani siririn ƙarfe ya zaro ɗan tsinken cikinta ya ƙirga layukan shekarunta, daga nan ya haɗa lissafi ya baka takarda cewa ga tan kaza na ƙananan itace da ake kaiwa masana'antar takarda, ga tan kaza na matsakaita, ga tan kaza na manya da ake yankawa katako. Da tan ake ciniki a wannan yanki, kuma kuɗin tan ɗin manya ya ninka na ƙanana nesa ba kusa ba, waɗanda suka miƙe sosai har suka isa ayi turken wutar lantarki dasu kuwa sune suka fi kowa tsada. Toh kaga fili biyu masu girma ɗaya a hanya ɗaya zasu iya bambanta sosai a daraja don kawai ɗaya itacensa shekara 8 ɗaya shekara 24.

Ya kuma zaunar dani ya min bayanin yadda kuɗin ke shigowa, wanda wlh mutane da yawa basu fahimta ba suke shiga. Fain ɗin nan ana fara rage shi ne wajen shekara 12 zuwa 15, a sare wasu layuka da raunana don sauran su samu rana da wuri suyi kauri, a nan zaka ɗan ga kuɗi amma ba mai yawa ba, babban girbin sai wajen shekara 25 zuwa 30 ko fiye. Tsakanin nan kai ne kake kashewa, haraji, gyaran hanya, feshin ciyawa, ƙona ƙasan dajin da gangan lokaci lokaci don kar busasshen ganye ya taru gobara ta cinye komai, wanda shima sai ka karɓi izini daga hukumar gandun daji ta jihar. Harka ce ta mai dogon numfashi wanda yake tunanin 'ya'yansa.

Akwai wani fili da na gani a shafinsu hankalina ya kwanta dashi sosai, daga bakin titi bishiyoyi manya manya gwanin sha'awa. Dattijon nan da kansa yace min mu shiga ciki tukunna, muna wuce layukan farko sai gashi an riga an tsince duk masu kyau an bar karkatattu da masu ciwo, an dai bar na bakin hanya don ido. Kamfaninsu ne fa ke tallan filin, kuma da na saya sune zasu ci la'ada, amma bai ɓoye min ba. Wannan abu ya sa na riƙe shi da mutunci har yau. Shi ne kuma ya ja kunnena cewa a nan ana iya sayar da itace daban ƙasa daban, mai fili zai iya rubuta ma wani kamfanin yankan katako takardar cewa itacen nasu ne zuwa wani wa'adi, kai ka saya kana murna wata rana kawai kaga tireloli sun shigo. Dole lauya ya duba wannan a rijistar ƙaramar hukuma.

Basu kuma yi min daɗin baki akan kasuwa ba. Nisan filinka da masana'anta yana cin ribar sosai saboda kuɗin dakon tirela daga jikin farashinka ake cirewa, kuma masana'antun takarda suna ta rufewa a yankin, ko a 2025 kamfanin International Paper ya rufe na Savannah da na Riceboro, wanda hakan yasa masu ƙananan itace a wajen suka rasa inda zasu kai. Ga kuma guguwa. Michael a 2018 ta kwantar da dazuzzuka a kudu maso yammacin jihar, Helene a Satumbar 2024 ta sake yin mummunar ɓarna ta gabas, mutumin da ya shekara ashirin yana jiran itacensa ya wayi gari duk a ƙasa. Na ga wasu wuraren da idona kuma abin akwai tausayi ƙwarai.

Ɓangaren farauta ma sun sani ciki da bai. Suna nuna maka sawun barewa da talotalon daji, inda rafi ya ratsa, inda za'a iya buɗe ɗan fili a shuka musu abinci, kuma in kai baka farauta zasu iya haɗa ka da ƙungiyar mafarauta su karɓi hayar dajin na shekara, kuɗin yakan taimaka wajen biyan haraji kuma kasancewarsu a wurin yana rage masu shigowa su zubar da shara ko su yi ɓarna. Sun dai ce in tabbatar ƙungiyar tana da inshora kuma a rubuta komai.

Maganar hanya da iyaka sun yi ƙoƙari amma sai da na matsa. Filaye da yawa a nan basa taɓa titin gwamnati, sai ka bi ta cikin na maƙwabci, kuma sau da yawa zaka ji ance ai tun zamanin kakanni ta nan ake bi babu wanda ya taɓa hanawa. Wannan ba hujja bace, ranar da maƙwabcin ya sayar sabon mai wurin zai iya saka get da kwaɗo. Sai haƙƙin wucewa yana rubuce a rijista, da faɗin hanyar, da kuma cewa tirelar katako da wayar wuta zasu iya bi. Tsofaffin takardun mallaka kuma wasu zaka ga iyakar an kwatanta ta da dutse ko wata bishiya da ta daɗe da faɗuwa, shi yasa na ɗauko safiyo na kaina ya sake aunawa ya shafa fenti a jikin bishiyoyin iyaka, akwai tsada amma bana nadama. A Jojiya dama lauya ne ke rufe cinikin fili, toh ka sa shi ya bi tarihin mallakar da kyau, musamman filin gado da ba'a raba ba wanda magada da yawa ke da hannu a ciki, da kuma haƙƙin ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, don a tsakiyar jihar wajen Sandersville ana haƙar farar ƙasa ta kaolin kuma akwai filayen da wani daban ne ke da ikon abin da ke ƙasa. Ka sayi inshorar takardar mallaka, kar kayi rowar wannan.

Yanzu inda raina bai yi daɗi ba. A tallansu kusan kowane fili sai sun rubuta cewa ya dace da gina gida, amma da na fara tambayoyin mai son zama sai naga amsoshin sun koma sama sama. Shin ƙasar tana shan ruwa yadda ma'aikatar lafiya ta ƙaramar hukuma zata bada izinin sokawe? Ai ya kamata, inji matashin dillalin da aka haɗa ni dashi. Nawa ne nisan turken wuta na ƙarshe kuma nawa kamfanin wutan ƙauye zai caje ni ya jawo? Zai tambaya. Zurfin da maƙwabta suka samu ruwa a bohol? Bai sani ba. Haba, waɗannan fa sune rayuwar mutum a wurin, in ƙasa ta faɗi gwajin sokawe babu maganar gida gaba ɗaya ko kuma ka kashe kuɗi mai yawa akan na musamman. Ni da kaina na shiga taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, da shafin binciken ƙasa na ma'aikatar noma mai suna Web Soil Survey, dukkansu kyauta ne, na gano cewa wani yanki mai faɗi na filin da aka ce min wurin gida ne fadama ce da ruwa ke kwanciya, kuma fadama a ƙasar nan ba'a cike ta haka kawai, dokar tsaftar ruwa ta 1972 tana iya hawa kanka. Basu kuma ce min komai akan aladun daji ba, waɗanda a dare ɗaya zasu iya tone maka gona tas, sai a bakin maƙwabci naji.

Abu na biyu da ya dame ni ya shafe mu baƙi kai tsaye. Sun yi ta yabon rangwamen harajin da jihar ke bayarwa wanda ake kira CUVA, inda zaka yi alkawarin shekara 10 cewa noma ko itace kawai zaka yi a filin sai a rage maka haraji sosai, in ka karya kuma tarar ninki biyu ce na abin da aka rage maka. Duk gaskiya ne. Amma basu ce min sharaɗin sai ɗan ƙasa ba, na haihuwa ko wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa, lauyana ne ya ɗago maganar da yaji cewa da wani ɗan uwa mai girin kat, wato izinin zama na dindindin ba ɗan ƙasa ba, muke son haɗa hannu mu saya, dole muka sake tsari. Haka nan akwai dokar tarayya ta 1978 da ta ce wanda ba ɗan ƙasa ba kuma bashi da izinin zama na dindindin in ya sayi filin noma ko daji sai ya sanar da ma'aikatar noma cikin kwana 90. Kamfanin da ke karɓar kuɗin mutane ya kamata ace ya san wannan ya kuma faɗa tun ranar farko.

Dan Allah kuma masu tambayata wai ana raba fili kyauta a Amurka, wannan tsohon zance ne. Dokar da Shugaba Lincoln ya sa ma hannu a 1862 ta bada eka 160 ga wanda ya zauna ya noma shekara 5, amma an rufe ta tun 1976, a Alaska 1986.

Sauran ƙananan abubuwa, hotunan jirgi marar matuƙi da ke shafinsu wasu tsofaffi ne an ɗauka kafin a sare ko kafin guguwa, kuma saƙo yakan kwana biyu ba amsa musamman lokacin farauta. Wajen biyan kuɗi sun nuna min bankunan manoma na Farm Credit, su kuma suna son ka ajiye kaso mai kauri a gaba fiye da na sayen gida, ni dai saboda kuɗin ruwa ban bi ta nan ba, na rage girman filin zuwa abin da aljihuna zai ɗauka. Ka kuma tambaya a rubuce wa dillalin yake wakilta, don in shi ya saka filin a kasuwa toh mai sayarwa yake ma aiki ko da kuwa yana maka fara'a.

A ƙarshe dai a hannunsu na saya, fili mai fain matasa da titin gwamnati a gefe ɗaya. Bayan ciniki na ƙulla yarjejeniya daban da dattijon malamin dajin ya rubuta min tsarin kula da wurin na shekara 10, kuma in lokacin rage itace yazo shi zai tara masu saye suyi takara a rufaffen ambulan, ya tsaya akan masu sara kar su lalata hanya da bakin rafi, a cire masa kasonsa daga cinikin. Gwajin ƙasa na sokawe da maganar bohol da sola kuwa wasu mutane daban na ɗauka, kuma na sa a cikin takardar ciniki cewa in gwajin bai yi kyau ba za'a mayar min da kafin alƙalamina.