Maɗaurin gwiwa mai ƙarfe: wata bakwai ina fama da shi

Shekara tara ina buga lamba biyar a wata ƙungiyar unguwa a Kaduna, kuma duk ɗan gaban da ya taɓa haɗuwa da ni ya san ba na janye ƙafa. Ko dai ƙwallo ta wuce, ko mutum ya wuce, amma ba duka biyun ba. Ranar da abin ya zo kaina kuwa babu wanda ya taɓa ni. Na yi sama zan sa kai, na diro da ƙafar dama, gwiwa ta murɗe, na ji wata ƙara ƙas. Kafin magariba ta kumbura suntum.

Wurin mai ɗori na fara zuwa, kamar kowa. Ya shafa, ya matsa, ya ce targaɗe ne. Sai da na yi sati uku gwiwa na gocewa sannan aka ɗauki hoton MRI, aka ga jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke ce wa ACL. Ita ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Kuɗin tiyata sun fi ƙarfina, shi ya sa na shiga wani shagon kayan asibiti na sayi wannan maɗaurin a kan N18,000.

Baƙin yadi ne mai kauri kamar roba, da rami a gaba inda ƙoƙon gwiwa ke zama, da ƙarfe biyu masu lanƙwasa a gefe da gefe, sai ɗamara biyu masu mannewa, ɗaya a cinya ɗaya a sha-raɓa. Gaskiya a tafiya ya yi mini rana. Hawa bene, sauka daga acaɓa, tsallake kwata, duk na daina jin tsoronsu. Mai shagon ya auna cinyata da tef kafin ya ba ni, kuma wannan ya kyauta, don wani abokina da ya saya da ka nasa kullum a idon sawu yake ƙarewa.

Matsala ta farko a masallaci na gamu da ita. Ƙarfen ba ya barin gwiwa ta naɗe sosai, don haka zaman tahiya ba ya yiwuwa. Ko in kwance shi duk salla, ko in nemi kujera a sahun dattawa. Na zaɓi kwancewa, sau biyar a rana, kuma hakan ne ya kashe mannen tun a wata na uku, ga ƙurar hunturu da ta cika shi. Tela ya canza mini shi. Da zafi ya shigo kuma bayan gwiwata ya feso da ƙuraje, sai da na riƙa saka yankakkiyar safa a ciki.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babban laifinsa shi ne ya sa na yarda da ƙafar da ba ta warke ba. A wata na huɗu na ji garau, na ɗauki takalmi na koma fili. A wasan gasa alƙali ya hana ni shiga saboda ƙarfen zai iya ji wa wani ciwo, kuma dokar ƙwallo tana bayansa. A atisaye babu mai hanawa. Minti ashirin na yi, wani yaro ya yanke ni, na juya zan bi shi, ƙafa na ƙasa jiki ya murɗa. Maɗaurin yana tare gwiwa daga karkacewa gefe, amma murɗawa ba ruwansa da ita. A wannan karon guringuntsin ciki ma ya yage.

Ina kwance a gida na yi ta tunanin Daniel Amokachi, ɗan garinmu, wanda ake wa laƙabi da bijimi saboda yadda yake ture 'yan baya. Ya ci kofin FA da Everton a 1995, ya ci zinare da Najeriya a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, amma gwiwa ta ci ƙarfinsa tun bai kai shekara 30 ba. Marco van Basten ma, ɗan ƙasar Holland da ya ci kyautar gwarzon ɗan ƙwallo ta Ballon d'Or sau uku, yana da shekara 28 ya buga wasansa na ƙarshe a 1993, idon sawu ya gama da shi, ga 'yan baya irina da suka yi ta sharar sa a Italiya. Waɗannan da manyan likitocin Turai a kansu ke nan. Ni kuma da yadi da ƙarfe biyu na so in koma.

Yanzu wata mai gashin ƙashi ce ke duba ni sau biyu a sati. Ranar farko ta sa tef a cinyoyina, ta nuna mini yadda ta dama ta rame, ta ce: “Malam, ka bar wa maɗauri aikin tsoka, ita kuma ta kwanta barci.” Ta ce in riƙa ɗaura shi in zan shiga kasuwa ko tafiya mai nisa kawai. Sauran lokaci ɗaga ƙafa ne, da keke, da tsayuwa a ƙafa ɗaya.

In tafiya kake so ka yi kafin ka tara kuɗin aiki, saye shi, amma a auna ka. Takalman ƙwallona dai na ba ƙanena, shi ma lamba biyar yake bugawa.