Feshin nano ko siramik a jikin mota? Ga abin da na gani

Malam, ka tambaya wanne ya fi tsakanin feshin nano da ruwan siramik, wato sinadaran da ake sa wa fentin mota don ya riƙa korar ruwa da datti. Ka shafa siramik kawai, kar ka ɓata lokacinka. Na yi amfani da duka biyun a mota ɗaya.

Siramik ɗin shekara biyu ke nan da shafa shi. Ranar da ruwan sama na farko ya same ni a hanya wallahi sai da na rage gudu ina kallon bonet, ruwan bai kwanta ba ko kaɗan, ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar duwatsun tasbaha, ina ƙara wuta suna gangarowa ta baya suna ficewa. Amma inda na fi jin daɗinsa wajen wanki ne. Taɓon da a da sai an sa soso an dirza, yanzu tiyo kawai ake sakar masa ya zube, kashin tsuntsu ma ba ya kama fenti kamar da in dai ba ka bar shi ya kwana biyu a rana ba. Kuma ƙyallin fentin yana nan.

Feshin kuwa, e, ranar farko ya ba ni mamaki, ruwa har tsalle yake a kai. Kwana kaɗan ya tashi aiki, ya bar min fari-fari kamar hazo a ƙofar da na gwada.

Da na bi diddigi sai na gane ba rashin sa'a na yi ba, haka abin yake. Masana suna auna yadda ɗigon ruwa ke tsayawa a kan abu da digiri, wato kusurwar da gefen ɗigon ya yi da abin da ya zauna a kai. In ya baje kamar a gilas mai tsabta, digirin kaɗan ne. Kakin mota da siramik suna kai shi wajen 100 zuwa 110, kuma abu mai santsi ko da me aka shafe shi ba ya wuce kusan 120. Wanda ake kira mai tsananin korar ruwa sai ya haura 150, ɗigon ya zama kamar ƙwallo, ka ɗan karkata abin ya mirgine. Ba a kaiwa nan da sinadari kaɗai, sai an haɗa da ƙuraje ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Wani masanin tsirrai ɗan Jamus, Wilhelm Barthlott, shi da abokin aikinsa suka bayyana wannan a 1997 a kan ganyen lotas, tsiron ruwa mai kama da bado. Ganyen cike yake da ƴan tudu masu kaki a kai, iska ta maƙale a tsakaninsu, ruwan yana zaune ne a kan tsinin tudun da iska, in ya gangara ya kwashe ƙura ya tafi da ita. Ka zuba ruwa a ganyen gwaza ka gani, abu ɗaya ne, har ɗigon yana sheƙi kamar azurfa saboda iskar da ke ƙarƙashinsa.

To feshin nan ƙurajen yake kwaikwayo, kuma a nan matsalar take. Ganye yana da rai, in kakinsa ya goge yana iya fitar da sabo, fenti ba ya yi. Yatsa kawai ka goga ƙurajen feshin sun kwanta, sabulu ko maiƙo ya shiga tsakaninsu ya kori iskar, shi ke nan ruwa ya kama. Su ne kuma suke warwatsa haske har wurin ya yi hazo. Mota kullum cikin wanki da gogayya take, ina zai ɗore? Ya fi dacewa da abin da ba a taɓawa, kamar farantin satalayit. A gilashin gaba kam kar ka soma, waifa za ta share shi kuma zai dushe maka gani.

Shi ma siramik ba ya hana tsakuwa fasa fenti, kuma in ɗigon ruwan wanki ya bushe a rana yana barin tabo zagaye-zagaye, sai ka riƙa tsane motar da tsumma mai laushi. Kafin a shafa dole a wanke a goge fentin sosai, in ba haka ba dattin za ka rufe a ciki, sannan a bar ta kamar kwana ɗaya ruwa bai taɓa ta ba.

Ka kula da masu sayarwa don Allah. Za su zuba ruwa a kan kwalin da suka fesa yanzu-yanzu kana kallo yana tsalle, ce musu su goga da yatsa sau goma su sake zubawa. Wasu man silikon ne tsinkakke suke liƙa masa takardar siramik, wanki biyu ya tafi. 9H ɗin da suke rubutawa a jikin kwalbar siramik ma'aunin taurin fensir ne, yashi yana karce siramik ɗin sarai. In kuma har ka riga ka sayi feshin, kar ka fesa a gareji a rufe, yana taɓa huhu, a Jamus a 2006 an janye wani mai suna Magic Nano daga kasuwa bayan mutane da yawa sun kamu da sarƙewar numfashi.

Ka nemi siramik na ƙaramar kwalba mai zuwa da soson shafawa, ka fara gwadawa a murfin but kafin ka bi sauran jikin.