Amlodipine da Lisinopril: Wanne Ne Ke Kare Ƙoda?

Wata 'yar uwa a wannan zaure ta tambayi dalilin da ya sa likita ya ƙara wa mahaifiyarta lisinopril bayan gwajin fitsari ya nuna furotin, alhali amlodipine ɗin da take sha ya riga ya sauke mata hawan jini.

Malama, duka biyun suna sauke jini, amma ba aiki ɗaya suke yi ba. Amlodipine yana sassauta jijiyoyin jini ne, ana shan miligiram 5 ko 10 sau ɗaya a rana, kuma yana karɓar baƙar fata ƙwarai. Binciken CREOLE da Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin magunguna mai amlodipine ya fi sauke jinin mutanenmu. Illar amlodipine da aka fi gani ita ce kumburin ƙafa, wanda wasu kan zaci ciwon ƙoda ne.

Sai dai amlodipine ba ya tsayar da yoyon furotin, kuma nan ne lisinopril ya fi shi. Furotin a fitsari alama ce cewa ƙananan matatan ƙoda sun fara lalacewa, shi kuwa lisinopril yana rage matsin da ke cikin matatan kansu, don haka yana jinkirta lalacewar, musamman ga mai ciwon suga. Amma yana buƙatar sa ido sosai. Dole a auna kiriyatinin (sinadarin da ke nuna yadda ƙoda ke aiki) da fotasiyam (sinadarin da yawansa ke iya cutar da zuciya) a jini mako ɗaya ko biyu bayan an fara shi, domin yana iya ɗaga su. Mai juna biyu ba ta shan sa ko kaɗan. Idan gudawa ko amai ya kama Hajiya, a gaggauta sanar da likita, domin ƙarancin ruwa a jiki tare da wannan magani yana iya durƙusar da ƙoda. Idan ya jawo busasshen tari, akan musanya shi da losartan, wani maganin hawan jini mai aiki irin nasa, amma ba a haɗa su.

A ganina likitan ya yi daidai, kuma kada a yar da amlodipine saboda an samu lisinopril. Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac da ibuprofen da ake saye a kemis don ciwon gwiwa, waɗanda ke ɗaga jini su kuma cutar da ƙoda, balle a haɗa su da lisinopril. A rage mata gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, a kuma riƙa rubuta awon jininta a kai wa likita ranar asibiti.