Sayen maganin tsinka jini daga Indiya: rahusar gaskiya ce, amma tana da sharaɗi

Tun da aka saki naira a kasuwar canji a watan Yunin 2023, magungunan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suka fi ƙarfin aljihun mai matsakaicin samu, kuma cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai masu shan maganin tsinka jini, domin shi ba a gama shi cikin mako guda, yawanci sha ne na tsawon rai. Mahaifinmu yana da lalurar bugun zuciya mara tsari, wadda ke sa jini ya taru ya yi guda a cikin zuciya, gudan kuma yana iya tafiya ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Likitan zuciya ya rubuta masa apixaban mai nauyin miligiram 5, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare. Na asalin, wato Eliquis na kamfanonin Bristol Myers Squibb da Pfizer, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, ana samunsa a manyan kemis na Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya, sai dai kuɗin wata guda yana cinye kaso mai tsoka na fanshon dattijon. Wannan ne ya kai mu ga wani shagon magani da ke Indiya mai sayarwa ta intanet.

Zan fara da abin da ya gamsar da ni. Shagon bai karɓi ko kwabo ba sai da muka tura hoton takardar likita, kuma mai harhaɗa magungunansu ya aiko da tambayoyi kan shekarun Baba, da nauyinsa, da sakamakon gwajin ƙodarsa. Tambayoyin ba na cika baki ba ne, domin waɗannan ukun ne ake dubawa kafin a rage nauyin ƙwayar zuwa miligiram 2.5: shekara 80 ko fiye, nauyin kilo 60 ko ƙasa, da alamar raunin ƙoda, idan biyu daga cikinsu suka haɗu. Duk shagon da zai sallame ka ba tare da neman takarda ba, ni dai ban ga dalilin amincewa da shi ba. Kayan sun zo cikin kwali a rufe, kowane kati yana ɗauke da sunan kamfanin da ya sarrafa shi, da lambar rukuni, da ranar ƙarewar wa'adi, an buga su a jikin ledar azurfar, ba takarda aka liƙa ba. Bayan an haɗa kuɗin aike da na canjin dala, abin da muka biya bai kai rabin farashin na asalin a nan Zariya ba.

Matsalar tana wajen isowa. Shagon ya yi alƙawarin lokaci, amma kayan sun daɗe a Legas ana tantancewa, lambar bin sawu ta tsaya cik ba ta motsi, masu amsa saƙo kuma ba su da abin faɗa sai a ƙara haƙuri. Ga mai jiran takalmi ko waya, wannan ɓacin rai ne kawai. Ga mai shan apixaban kuwa lamarin ya wuce haka, saboda ƙarfin maganin yana raguwa da rabi cikin kimanin sa'o'i 12, wanda ke nufin kwana ɗaya ko biyu babu shi sun isa kariyar ta gushe, kuma takardar da ke cikin kwalin da kanta ta yi gargaɗin cewa dainawa kwatsam tana ƙara haɗarin shanyewar jiki. Da ƙwayoyin gida suka kusa ƙarewa, dole muka sayi katin na asalin a kemis domin cike giɓin, ribar ta ragu ke nan. A ganina, duk wanda zai bi wannan hanya ya yi odar tun yana da na wata biyu a hannu, ya kuma ware kuɗin sayen na gida idan ta ɓaci.

Abu na biyu shi ne ba mu ga lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin ba, tunda ba don kasuwar Najeriya aka shirya shi ba, kuma babu wurin kankarewa a tura lamba ta waya domin tabbatar da sahihanci. Wannan ba ƙaramin naƙasu ba ne, domin jabun maganin ciwon kai yana tona kansa nan take, amma jabun maganin tsinka jini ba ya nuna alama sai ranar da gudan jinin ya yi ɓarna. Gwajin jini na INR, wanda ake auna aikin wani tsohon maganin tsinka jini mai suna warfarin da shi, ba ya auna apixaban yadda za a dogara da shi. Mun kai kwalin wa mai harhaɗa magunguna na asibiti ya duba, ya san kamfanin, amma ya faɗa mana gaskiya cewa ido ba ya ganin abin da ke cikin ƙwaya. Ya kuma ja hankalinmu cewa akwai apixaban na kamfanonin Indiya da aka yi wa rajista a Najeriya, kuma ana iya bincika suna a kundin Greenbook na hukumar.

Ya kamata a ambaci warfarin, wanda ake ba mutane tun 1954, kuma har yanzu shi ne mafi araha nesa ba kusa ba. Wahalarsa ita ce zuwa gwajin jini akai-akai domin INR ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin marasa lafiya, da kuma lura da ganye irin su alayyahu da zogale, waɗanda bitamin K ɗinsu ke rage masa ƙarfi idan aka riƙa ci yau da yawa gobe babu. Ga mazaunin Samaru ko Kwangila, zuwa gwaji asibitin Shika ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ga na ƙauye kuɗin mota yana iya cinye arahar. Masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya kuwa, wato waɗanda aka dasa wa ƙofar jini ta ƙarfe, da waɗanda bawul ɗinsu ya tsuke sosai, warfarin ne nasu, don haka kada rahusa ta sa wani ya sauya magani da kansa.

Takardar bayanin da shagon ya haɗo da ita Turanci ce zalla, da ƙananan haruffa, kuma ba ta san rayuwarmu ba. Ba ta ce komai kan ƙaho da wanzamai ke yi ba, balle azumin Ramadan, wanda sai da likita ya tsara mana shan ƙwayar a sahur da buɗa-baki. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda dattawanmu ke saya a kemis ba tare da tambaya ba, suna ƙara haɗarin zubar jini, rifampicin na tarin fuka kuma yana rage wa maganin aiki. Haɓon da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko buguwa a kai, duk na garzayawa asibiti ne a ranar.

Shagon ya cancanci yabo a farashi da neman takardar likita, ya gaza a cika alƙawarin lokaci. Odar da ke gabanmu za mu fara neman mai lambar NAFDAC a cikin gari, idan bambancin kuɗin bai yi yawa ba a nan za mu tsaya.