BitLocker ko VeraCrypt: wanne ya dace da filash?

Malam, ka ce kana yawo da filash mai ɗauke da takardun ofis, kana soka shi a kwamfutarka da ta wurin aiki, wani lokacin har a kafe, kuma kana son ko ya faɗi kada wanda ya tsinta ya iya karantawa. Ka tambaya tsakanin BitLocker To Go da VeraCrypt. Dukansu biyu manhajojin kulle bayanai ne masu amfani da tsarin ɓoye bayanai da ake kira AES, ta fuskar ƙarfin kulle ba a nan bambancin yake ba. Abin dubawa shi ne a wace kwamfuta za ka riƙa buɗe shi.

BitLocker To Go na Microsoft ne, ya zo tare da Windows 7 a 2009. Kulle filash da shi sai a Windows Pro, Enterprise ko Education, amma buɗewa ko Home ce za ta buɗe, ba tare da ka sa wata manhaja ba. Ka danna filash ɗin da maɓallin dama, ka zaɓi Turn on BitLocker, ka sa kalmar sirri. Zai ba ka mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda za ka buɗe da shi in ka manta kalmar sirri; ka buga shi a takarda ka adana, kada ka kuskura ka ajiye shi cikin filash ɗin da ka kulle. Zai tambaye ka ko inda ke da bayanai kaɗai zai kulle ko gaba ɗaya. In tsohon filash ne, zaɓi gaba ɗaya, don fayilolin da ka goge ana iya tono su. Rauninsa: Mac ba ta karanta shi da kanta, a Linux kuma sai an bi ta manhajar dislocker ko cryptsetup.

VeraCrypt kyauta ce, ta fito a 2013 daga tushen TrueCrypt wadda aka daina ci gaba da ita a 2014. Tana aiki a Windows, Mac da Linux, sannan ana iya ɗora ta a kan filash ɗin ta Traveler Disk Setup. Amma fa a nan gizo ke saƙar: ko da ba a girka ta ba, sai ta nemi izinin admin, wato mai iko da kwamfutar, kafin ta buɗe, kuma kwamfutocin ofis da na kafe galibi ba sa bayarwa. Sai ka ga kana riƙe da kayanka ka kasa shiga.

In ita ka zaɓa, ka yi kullallen fayil guda a cikin filash ɗin maimakon kulle shi ɗungurungum. Dalili kuwa, Windows ba ta gane filash ɗin da VeraCrypt ta kulle baki ɗaya, sai ta ce a yi masa fomat, dannawa ɗaya ta kuskure ta jawo asara. Sannan filash mai tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4, saboda haka ka mayar da filash ɗin tsarin exFAT tukuna. VeraCrypt ba ta da mabuɗin ceto. Ka manta kalmar sirri, shi ke nan. Ita kanta manhajar tana gargaɗi in kalmar ba ta kai haruffa 20 ba. Ka kuma ajiye kwafin ɗan sashen farkon fayil ɗin (header) ta Backup Volume Header, domin in wannan ɗan wurin ya lalace sauran na iya ƙin karantuwa. Kada ka zare filash kafin ka rufe fayil ɗin daga cikin manhajar.

Kafin komai ma, gwada filash ɗin da H2testw, manhajar da ke auna ainihin girman cikinsa. Jabu sun yi yawa a kasuwa, a rubuta gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, kuma irin wannan yakan cinye kullallen fayil ba tare da wata alama ba.

A yadda ka bayyana aikinka, Windows ce ko'ina kuma ba ka da izinin admin a ofis, BitLocker ya fi maka. Kafe kuwa ka cire ta daga lissafi: da zarar ka buga kalmar sirri a kwamfutar da ke da manhajar naɗar maɓallai, ko wanne ka zaɓa an riga an ga mabuɗinka. Takardar da za ka buga a can, ka kai ta a wani filash daban.