The Lion King: na zane ko sabon?

'Yar uwa mai tambayar wanne za ta sa wa yara a hutun nan, The Lion King na katun ko sabon da ya fito a 2019, ki ɗauki na katun, kar ma ki tsaya dogon tunani.

Ni da faifan na 1994 na tashi. Mun kalle shi har ya soma cijewa, sai mun hura masa iska mun goge da bakin zani kafin ya ci gaba. Bara na kunna wa 'yata mai shekara biyar. Da aka zo wurin da Simba, ɗan zakin, ya tarar da ubansa Mufasa kwance bayan garke ya wuce, ya ja masa kunne bai motsa ba, sannan ya shige ƙarƙashin hannunsa ya kwanta, sai na ji yarinya ta ƙanƙame ni tana cewa "Mama, ki ce ya tashi." Ba ta jin Turanci fa. Fuskar ta karanta: ido ya cika da ƙwalla, kunnuwa sun kwanta. Washegari kuma ta ishe mu da waƙar Hakuna Matata har a wurin wanka.

Sabon kuwa na biya an tura min, har yau ina jin haushin kuɗina. Aikin kwamfuta kam an yi shi, gashin zaki sai ki rantse na gaske ne. To amma zakin gaske ba ya kuka ba ya dariya, murya na kuka fuska ko gezau. Labarin ɗaya ne, sun dai ja shi daga minti 88 zuwa 118, sun kuma guntule waƙar Scar, mugun ɗan'uwan Mufasa. Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya yi muryar Scar ɗin, ya yi ƙoƙari ba laifi. Yarana dai ko rabi ba su kai ba suka fice wasa.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki yi hankali da masu turi. Wani zai ce miki mai kyau ne, ki je gida ki tarar da wanda aka ɗauka da waya a silima, kawunan mutane na gilmawa. Wani kuma ya tura miki fim ɗin Mufasa na 2024, tunda shi duk zaki ne a wurinsa. Ki sa ya kunna a gabanki, ki ga zane ne, ki ja shi tsakiya da ƙarshe ki ji ko murya na tafiya daidai da baki, sannan ki miƙa kuɗi.

In akwai ƙanana sosai, ki zauna kusa da su a wurin mutuwar Mufasa.